Fentin da ke hana ƙanƙara mannewa: yana da amfani gare mu a Kebbi?

Zainab_Aliero:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a karatun ilmin sinadarai, kuma ina so in yi aikin bincikena na kammalawa a kan fentin polima (sinadarai ne na dangin roba da leda) da ake shafa wa abubuwan da ke tsaye a waje, irin su wayoyin lantarki da fukafukan jirgin sama da farantan sola, domin ƙanƙara ta kasa manne musu. Abokan karatuna da dama suna ganin ɓata lokaci ne, tunda ƙasarmu ta zafi ce, ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a waje a Aliero ko Birnin Kebbi. Ni kuwa ina ganin ilmin da ke ciki ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Shin da gaske akwai fentin da ke yin wannan aiki, kuma ta wace hanya yake yinsa? Sannan akwai abin da zai amfani mutumin Kebbi a cikinsa, ko kuwa in nemi wani batun?

Alhaji_Argungu:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Shawarar uba zan ba ki, ki duba abin da jama'arki ke fama da shi kafin ki zaɓi batu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a nan, kuma idan azumi ya faɗo a lokacin, mutane layi suke yi da kuɗinsu suna neman ƙanƙara. Ga manoman shinkafa a fadamar Argungu da Suru suna kukan tsadar taki da man ban-ruwa, ga ruwan rijiyoyi da ake sha ba tare da an auna shi ba. Duk waɗannan aikin mai ilmin sinadarai ne. Ƙanƙara a kan waya damuwar mutanen ƙasashen sanyi ce, kuma suna da kuɗi da kayan aikin da za su magance ta.

Ummu_Kanada:
Alhaji, ina gaisuwa. Ni 'yar Bunza ce, aure ya kawo ni birnin Mantiriyal a lardin Kubek na Kanada, kuma ina so ƙanwata Zainab ta fara sanin girman matsalar kafin a yanke hukunci a kan amfaninta. Abin da ya fi tsorata mutane a nan shi ne wani irin ruwan sama da ke saukowa yana ruwa, alhali sanyinsa ya riga ya sauka ƙasa da digiri sifili, wato matakin da ruwa ke daskarewa, da zarar ya taɓa waya ko reshen itace ko gilashin mota sai ya daskare nan take, ya zama ɓawo mai tauri da nauyi. A watan Janairu na 1998 an yi kwanaki ana irin wannan ruwa, har abin da ya sauka a wasu wurare ya kai milimita 100. Nauyinsa ya karya kimanin turakun ƙarfe 1,000 na manyan layukan lantarki, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta a tsakiyar sanyi, wasu har tsawon makonni. Maƙwabtana da suka ga wannan shekara har yau da ita suke kwatance. Kudancin ƙasar Sin ma ya ga irin wannan a farkon 2008.

Hanyoyin da ake bi a yanzu kowace da nata aibin. Gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfen mota da na gada, sannan ya gangara koguna. Dumama abu da lantarki yana cin kuɗi, hawa a farfasa da hannu kuma yana cin rayuka. Wannan ne ya sa ake neman abin da za a shafa sau ɗaya ya yi aiki ba tare da wuta ba.

Injiniya_Kalgo:
Malama Zainab, fentin yana nan, sai dai aikinsa bai kai yadda masu talla suke kururutawa ba. Babu fentin da zai hana ruwa daskarewa idan sanyi ya daɗe. Abin da yake iyawa shi ne ya raunana riƙon da ƙanƙara ke yi wa abu, ta yadda iska ko girgiza ko ɗan turi zai ɓamɓare ta. Ana auna wannan riƙo da kilofaskal, kuma kilofaskal 100 ya yi daidai da kusan nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A rahoton da ƙungiyar Anish Tuteja ta Jami'ar Mishigan a Amurka ta fitar a 2016, an kawo cewa riƙon ƙanƙara a jikin alminiyam yakan kai wajen kilofaskal 1,600, a jikin ƙarfe kuma wajen 1,400. Idan kika lissafa, ƙanƙarar da faɗinta bai wuce santimita 10 sau 10 ba za ta buƙaci turi daidai da nauyin kilo 1,600 kafin ta zame daga alminiyam a lokaci guda. Masu bincike sun saba lissafa abu cikin masu ƙin ƙanƙara idan riƙon ya sauka ƙasa da 100, amma kafin iska kaɗai ta riƙa kawar da ita sai ya sauka zuwa wajen 10.

Dabarar da suka bi ita ce polima mai laushi irin na roba, musamman robar silikon da poliyuretan. Kamar yadda kika sani, polima dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari masu maimaita juna, kuma ana ɗaure sarƙoƙin da juna a wurare-wurare domin abin ya tsaya da jikinsa. Idan aka rage yawan ɗaurin sai ya yi laushi, idan kuma aka cusa masa mai ko wasu sarƙoƙin da ba a ɗaure ba, sai samansa ya zama mai zamewa a matakin da ido ba ya gani. Ƙanƙara ba ta lanƙwasawa, saboda haka idan aka ɗan tura ta, robar da ke ƙarƙashinta ce ke motsawa, ƙananan gurabe su buɗe a tsakaninsu, riƙon ya karye. Da wannan suka sauko da shi ƙasa da kilofaskal 10 a wasu samfuransu.

DanZuru:
Injiniya, ina neman ƙarin haske. Mu a wajenmu muna ganin ganyen gwaza, ruwa ba ya jiƙa shi ko kaɗan, sai dai ya dunƙule ya gangare. Idan aka yi fenti mai irin wannan hali, ai ruwan ba zai tsaya ba balle ya daskare. Me ya kawo buƙatar roba da mai?

MalamGwandu:
DanZuru, abin da ka hango shi ne abin da masu bincike suka fara hangowa, kuma sun yi shekaru suna bin wannan hanya. A 1997 wani masanin tsirrai Bajamushe, Wilhelm Barthlott, da abokin aikinsa suka bayyana dalilin da ya sa ruwa ba ya jiƙa ganyen lotas, wata shuka ta cikin ruwa, kuma dalilin ɗaya ne da na gwaza. Saman ganyen cike yake da ƙananan ƙuraje masu lulluɓin wani irin kaki, sai ɗigon ruwa ya zauna a kan iskar da ke tsakaninsu, ba ya taɓa ganyen sai a kaifin ƙurajen. An kwaikwayi wannan an yi fentoci masu yawa, kuma suna aiki idan ɗigo ya faɗo daga sama a lokacin da iska take a bushe.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan akwai laima a iska kuma jikin abin ya yi sanyi ƙasa da sifili. A wannan hali tururin ruwan da ke cikin iska yakan shiga cikin ramukan da ke tsakanin ƙurajen ya daskare a can ciki, sai ƙanƙarar da za ta taru daga baya ta sami dubban wuraren kamawa, har riƙonta ya fi wanda take yi wa fili mai sumul. Ga shi kuma ruwa idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, wannan kumburi yana karya ƙurajen, kowace daskarewa tana rage ingancin fentin. Ko Teflon da Roy Plunkett ya gano a 1938, wanda ke hana abinci kamawa a kasko, ƙanƙara tana riƙe shi, sai dai riƙon bai kai na ƙarfe ba.

Injiniya_Kalgo:
Allah ya ƙara wa Malam ilmi, haka abin yake. Ƙarin da zan yi shi ne, a 2011 ƙungiyar Joanna Aizenberg ta Jami'ar Habad ta juya dabarar. Sun duba wata shuka mai siffar tulu da ke dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, wadda ƙwari ke zamewa daga bakinta su faɗa ciki saboda ruwan da ke riƙe a ƙananan ramukan bakin. Sai suka cika ramukan fenti da wani mai maimakon a bar iska a ciki, tururi ya rasa wurin shiga, ƙanƙara kuma ta zauna a kan mai. Riƙon ya sauka ƙwarai, amma duk lokacin da ƙanƙara ta zame takan tafi da kaɗan daga cikin man, ruwan sama ma yana wanke shi, a hankali fentin ya bushe ya koma gidan jiya.

MaiFirji_Jega:
Salamu alaikum. Sana'ata gyaran firji da firiza ce a Jega, kuma ranka ya daɗe Alhaji, ina so in shaida maka cewa ƙanƙarar da ke manne wa ƙarfe damuwarmu ce ta kullum a nan gida. Da yawa daga firizojin da ake kawo mini gas ya zube, idan na duba sai in tarar da ramin tsinin wuƙa ko na sukundireba a jikin bangon ciki. Mai kayan ya gaji da jiran ƙanƙara ta narke, kwastoma yana tsaye, sai ya sa wuƙa ya sare ta, ya huda bututun da ke ƙarƙashin alminiyam ɗin. Daga nan gas ya fita, ruwa ya shiga bututu, wani lokaci har kwampireso ya mutu, kuma kuɗin gyaran yakan cinye ribar mai sayar da zoɓo ta wata guda ko fiye.

Ko ba a huda ba, ƙanƙarar da ta yi kauri a bango tana tare sanyi, sai injin ya riƙa aiki ba hutawa yana shan mai ko batirin sola, kayan ciki kuma ba su yi sanyin kirki ba. Da damina abin ya fi muni, domin duk buɗe murfi laima ce ke shiga. Da za a sami abin da za a shafa wa bangon ciki ta yadda tafin hannu kaɗai zai ture ƙanƙarar, da mata masu ƙananan sana'o'i sun huta da asara mai yawa.

DanYauri_Kifi:
Na goyi bayan maganar Malam mai firji. Mu masu kifi a Yauri ƙanƙara ce jarinmu, domin kifin da ya fito daga Kwara idan bai sami sanyi ba kafin ya isa kasuwa mai nisa, sai dai a banda shi a sayar da araha. Masu yin manyan bulon ƙanƙara suna zuba ruwa a gwangwanayen ƙarfe su jera su cikin ruwan gishiri mai sanyi, idan ya daskare kuma bulon ba ya fita sai an tsoma gwangwanin cikin ruwan ɗumi. A nan wani kaso na ƙanƙarar yake narkewa, an biya kuɗin wuta an daskarar da shi, an kuma narkar da shi da hannu. Amma wadda ake ƙullawa a leda, da ka yaga sai ledar ta saluɓe ba tare da wahala ba. Injiniya, wannan yana da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Injiniya_Kalgo:
Yana da alaƙa ƙwarai, Alhajin Yauri, kuma ka kai mu ga ɓangaren da ya fi burge ni a binciken. Leda ita ma polima ce, ga ta siririya mai lanƙwasawa, shi ya sa ba ka raba ta da ƙanƙara gaba ɗaya a lokaci guda, kana ɓare ta ne kaɗan-kaɗan daga gefe. Raba abu biyu a lokaci guda da bin tsaga daga gefe zuwa gefe ba ƙarfi ɗaya suke buƙata ba. Doguwar dardumar masallaci, idan mutum ɗaya ya ce zai ja ta duka ba za ta motsa ba, amma idan ya tayar da ƙunji a bakinta ya riƙa tura shi gaba, sai ta matsa komai tsawonta.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci ga abubuwan waje. Ƙanƙara mai kaurin santimita ɗaya a bango mai faɗin mita ɗaya sau ɗaya nauyinta wajen kilo 9 ne. Idan aka raba shi a kan faɗin bangon, bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na kilofaskal ba, wato ko fentin da ya sauko da riƙo zuwa 10 ba zai sa ta faɗo da nauyinta ba, kuma duk ƙaruwar faɗi ƙaruwar ƙarfin da ake buƙata ne. A 2019 ƙungiyar Mishigan ɗin nan ta nuna a mujallar Science cewa akwai fentocin da tsaga ke gudu a tsakaninsu da ƙanƙara cikin sauƙi, kuma idan tsawon ƙanƙarar ya wuce wani ƙaramin mizani, ƙarfin da ake buƙata ya daina ƙaruwa komai ƙarin tsawo. Sun shafa wa allon alminiyam mai mita ɗaya sau ɗaya, suka bar shi a waje cikin sanyin Mishigan, ƙanƙarar ta saki ta faɗo da nauyinta. Abin lura shi ne, a hanyar 2016 kauri da laushi ake so, a wannan kuwa siririn shafi ya fi aiki, kuma wasu robobin da aka gwada irin waɗanda ake samu ne a kasuwa, an ƙara musu sinadarin da ke tausasa roba. Gwangwanin bulo mai tsawo ya fi kusa da wannan hanya ta biyu.

Nas_Kamba:
Ina roƙon a yi hattara a nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Injiniya cewa ƙanƙara takan tafi da kaɗan daga cikin man. Idan a kan wayar lantarki ne wannan asarar fenti ce kawai, amma idan a gwangwanin bulo ne, man zai ƙare a cikin zoɓo da kunun aya da ruwan da yara ke sha, ko a jikin kifi. Wasu daga cikin mayukan da aka yi amfani da su a waɗancan gwaje-gwaje na dangin sinadaran fulorin ne waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a jikin mutum, kuma ƙasashe da dama suna ƙoƙarin taƙaita su. Duk abin da zai taɓa abinci ko abin sha dole ya bi ta hannun hukumar NAFDAC. Ina tsoron wani ya karanta wannan muhawara ya je ya shafa wa gwangwaninsa silikon ɗin da ake liƙe gilashi da shi, wanda ba don abinci aka yi shi ba.

Alhaji_Argungu:
Na saurari kowa, kuma na yarda da damuwar mai firji da ta mai kifi, domin na san masu wannan sana'a. Amma ku duba, yarinyar nan a kan abubuwan waje ta yi tambaya, ku kuma kun shiga da ita cikin firiza. Har yanzu ban ji wanda ya nuna mini abu ɗaya da ke waje a ƙasar Kebbi wanda ƙanƙara ke manne masa ba.

DanAmbursa:
Allah ya ja zamanin Alhaji, akwai shi, sai dai a sama yake. Na yi aiki a ɓangaren duba lafiyar jirage kafin in yi ritaya. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa, saboda haka jirgin da ya ɗauki alhazai daga filin Sir Ahmadu Bello da ke nan Ambursa, ko da ƙasa tana digiri 35, da ya kai wajen mita 5,000 ya shiga sifili. A cikin gajimare kuma ɗigon ruwa yana iya zama ruwa har zuwa kusan digiri 40 ƙasa da sifili, yana jiran abin da zai taɓa ya daskare, irin ruwan da Hajiya ta bayyana a Kanada. Hadarin damina namu yana hawa sama sosai, kuma cike yake da irin wannan ɗigo. Ƙanƙara kaɗan a goshin fiffike ta isa ta ɓata yadda iska ke bi ta kansa, ƙarfin ɗagawa ya ragu.

A 13 ga Janairu 1982 jirgin Air Florida ya tashi daga Washinton da ƙanƙara a jikinsa, ya bugi gada ya faɗa kogin Fotomak, mutum 78 suka rasu. A 1 ga Yuni 2009 jirgin Air France daga Riyo zuwa Faris ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228, bayan ƙwayoyin ƙanƙara sun toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, matuƙan kuma suka kasa gane halin da jirgin yake ciki. Wannan na biyu a sararin yankin zafi ya faru, ba a ƙasar sanyi ba.

Duk da haka dole in faɗi gaskiya, ba a dogara da fenti a jirgi. Manyan jirage suna dumama goshin fiffike da iska mai zafi daga injin, ƙanana masu farfela suna da robar da ke kumbura ta fasa ƙanƙara, Boeing 787 kuma da lantarki yake dumamawa. Jirgi yana gudun da ya wuce kilomita 800 a awa, ruwan sama da yashi suna kankare duk wani abu mai laushi a goshinsa, kuma matuƙi ba shi da hanyar sanin ko fenti ya gaji a tsakiyar tafiya. Abin da ake fata shi ne ya zama mataimaki ga na'urar dumamawa.

MalamGwandu:
Ko matsayin mataimakin ba ƙaramin abu ba ne. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin zafi mai yawan kilojul 334, daidai da zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Idan fenti ya sa ba sai an narkar da duka ba, ɗan siririn sashen da ke taɓa ƙarfe kawai za a sassauta sauran ya zame, an rage wuta mai yawa. Wannan lissafi ɗaya ne ga fiffiken jirgi da fukafukan injin iska da gwangwanin mutumin Yauri.

Sola_Koko:
Ni kafa sola nake yi, kuma abin da ke manne wa farantanmu ƙura ce. Da hunturu buji yakan sauka a kansu, raɓar asuba ta jiƙa shi, rana ta fito ta gasa shi ya zama ɓawon da iska ba ta iya ɗaukewa, sai wutar ta ragu har a wanke, ga ruwa yana wahala a wasu ƙauyuka. Shin wannan fenti zai yi mana maganin ƙura?

Injiniya_Kalgo:
Ina shakkar haka, kuma ina ba ka shawara kada ka gwada a farantin kwastoma. An gwada irin wannan shafi mai ratsa haske a farantan sola a Alaska, ya rage dusar ƙanƙarar da ke rufe su, amma can babu bujinmu. Abu mai laushi da maiƙo shi ne ainihin abin da ƙura ke so ta zauna a kai. Ƙura tana buƙatar shafi mai tauri da sumul. Inda silikon ya daɗe yana amfani a waje a ƙasashe masu ƙura shi ne a jikin kofunan da ke riƙe manyan wayoyin lantarki, domin yana hana raɓa ta shimfiɗu a kan datti ta zama hanyar da wuta za ta bi ta yi tsalle. Dangin sinadari ɗaya ne, aiki daban.

Ummu_Kanada:
Ina so in ɗan rage zumuɗin da nake gani. A shagunan nan ana sayar da abin fesawa a shebur da faifan kama tauraron ɗan'adam na kan rufi da sunan yana hana ƙanƙara kamawa. Na yi amfani da shi a shebur ɗin share ƙofar gida, ya yi aiki da farko, amma kafin sanyi ya wuce ya kankare. Har yau ma'aikata suna watsa gishiri, ana wanke jirage da ruwan magani kafin su tashi. Tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da titi tana da faɗi, kuma ɗorewa ce ke riƙe da ita.

Zainab_Aliero:
Na gode wa iyayena da yayyena duka. Maganar Yaya Ummu a kan ɗorewa ta haɗu da abin da nake tunani. Hasken rana yana yanke sarƙoƙin polima da yawa, zafi yana korar mai daga cikin roba, ƙura kuma tana goge saman, kuma waɗannan ukun muna da su fiye da Mishigan. Ina tunanin in shafa wa ƙananan allunan alminiyam silikon mai laushi daban-daban, in auna riƙon ƙanƙara a firiza, sannan in shanya su a kan rufi su sha rana da buji, in sake aunawa lokaci bayan lokaci. Baba Alhaji, ban manta da shawararka ba, kuma zan kai ta ga malamin da ke duba aikina tare da wannan.

Alhaji_Argungu:
Allah ya taimaka, 'yata. Ni har yanzu ina ganin auna ruwan shan ƙauyukanmu ya fi gaggawa, kuma da ni ne malaminki da can zan karkatar da ke. Amma tunda kin zaɓi abin da za ki iya yi da kayan da ke hannunki, ki yi shi da gaskiya, ki rubuta abin da kika gani ko da bai yi miki daɗi ba.

MalamGwandu:
Zainab, ki kula da girman ƙanƙarar gwajin. Bisa lissafin Injiniya, santimita 2 sau 2 a kan alminiyam tsura na iya buƙatar kilo 64, sikelin rataye na kasuwa ba zai ɗauka ba. Ki yi amfani da ƙaramin mazubi mai bakin murabba'in santimita ɗaya, ki kifa shi da ruwa a kan allon har ya daskare, ki ja shi a kwance daf da gindinsa, domin idan kika ja daga sama ɓamɓarewa kike aunawa ba zamewa ba.

Injiniya_Kalgo:
A nan na ɗan saɓa da Malam. Ƙaramin mazubi zai nuna mata riƙo kawai, ba zai nuna gudun tsaga ba, wanda sai ƙanƙara ta yi tsawo yake bayyana, kuma shi ne ya shafi mutumin Yauri. Ya kamata ta haɗa da dogayen sanduna masu tsawo daban-daban, ko da a kan allunan da aka shafa kaɗai. Sannan kada ta kwatanta alƙalumanta kai tsaye da na ƙasashen waje, domin ɗakunan gwaji ba hanya ɗaya suke bi ba. Na Jami'ar Kubek da ke Shikutimi, misali, juya samfurin yake yi da gudu har ƙanƙarar ta fice, wasu kuma turawa suke yi, kuma sakamakon yakan bambanta a kan abu ɗaya. Ta riƙa raba kowane sakamako da na alminiyam tsura da ta auna a rana ɗaya.

Nas_Kamba:
Ina nan a kan bakana game da abin sha. Idan aikin zai ambaci gwangwanin bulo ko bangon firiza, to a auna ruwan da ya narke daga ƙanƙarar a ga ko mai ya shiga, in ba haka ba a rubuta ƙarara cewa ba a gwada shi don abinci ba.

MaiFirji_Jega:
Malama Zainab, ki nemi firiza mai aiki da sola da batir, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar gwaji gindin ƙanƙarar zai fara jiƙa ba ki sani ba, sai ki ga ta zame ki ɗauka fentin ne. Ki liƙa ma'aunin sanyi a jikin allon kansa, kada ki dogara da lambar da ke jikin murfi, kuma ki ja samfurin yana cikin firizar, domin alminiyam yana ɗaukar zafin ɗaki cikin daƙiƙoƙi. Ina da tsofaffin bangayen firiza da na cire, idan kina so zan yanka miki alluna daga ɓangaren da babu bututu in aiko da motar Aliero.